Ruwan Albasa a Tsakiyar Filaza

Lokacin da nake yaro, kwalejin garinmu 'yan ajujuwa ne a bayan gonakin shinkafa, a gefen hanyar da ta taso daga Kura ta nufi Bunkure. Kafin in yi aure abin ya canja. Aka ƙara gine-gine, ɗalibai suka riƙa zuwa daga nesa, masu gidaje suka mayar da sorayensu ɗakunan haya. Da yamma sai ka ga samari da 'yan mata sun yi cirko-cirko a bakin titi suna jiran motar Kano, wai za su je sayen takalmi ko kallon fim, don a garin ban da teburin mai shayi babu inda mutum zai zauna.

Ganin haka wasu masu injinan casar shinkafa su uku suka haɗa kai za su gina babbar filaza daura da ƙofar kwalejin: shaguna sama da ƙasa, wurin cin abinci, ɗakin silima, har da lilon yara. Ni mai aikin wayarin wutar lantarki ne, kuma aka ɗauke ni tun kafin a haƙa harsashi. Na koma gida bakina har kunne na gaya wa Baba.

Baba manomin albasa ne, tun ranar da aka fara sako ruwan noman rani yake cikin fangali. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "A wane fili?"

Na faɗa masa. Ya ajiye kofin furar da ke hannunsa.

"To kanal ɗinmu fa?"

Ni kaina ban tuna da shi ba. Wata 'yar hanyar ruwa ce da ta ɓalle daga babban kanal, ta ratsa tsakiyar filin nan, ita ke shayar da gonar Baba da na maƙwabtansa. Washegari na tambaya a wurin aiki, aka ce za a sa ta cikin manyan bututu a binne ƙarƙashin ginin. Da na kawo wa Baba wannan amsa sai ya ce, "In ya toshe a ƙarƙashin siminti, kai za ka shiga ka yashe?" Kwana uku ina gaishe shi yana amsawa a daƙile.

Manoma suka kai kuka wurin mai unguwa, aka kira zama a ƙofar gidansa bayan la'asar. Masu ginin suka turo injiniyarsu. Mace ce, ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba, sanye da dogon hijabi, ta riƙo taswira a naɗe. Ta gaida dattawa, ta shimfiɗa takardar a kan tabarma, ta yi bayani tiryan-tiryan. Baba ya bari ta kai aya.

"'Yata, kin taɓa ganin ruwan nan yana tafiya?"

"A takarda kawai na gan shi, Baba."

"To gobe da sassafe ki zo ki gan shi da idonki."

Na ɗauka ba za ta zo ba. Rana ba ta gama fitowa ba sai ga motarta a bakin gona. Ta tuɓe takalmi ta bi Baba a kan kunya, ni ina biye da su. Ya zura hannu cikin kanal ɗin ya ciro dunƙulen ciyawa da laka da ledoji, ya tara mata a gabanta. Ya ce duk mako sai sun fito da shebur sun yashe, in ba haka ba gonar ƙarshe ba ta ganin ko ɗigo. Ya nuna mata inda ruwan ke yin kwana, da inda yake ambaliya in an sako shi da ƙarfi. Ita kuwa tana ta tambaya tana rubutawa a waya. Santsi ya kwashe ta sau ɗaya, ta dafa ƙasa, ta tashi tana dariya, hijabin duk taɓo.

Bayan mako biyu ta dawo da sabuwar taswira. Ta raba ginin gida biyu, ta bar kanal ɗin a buɗe yana wucewa ta tsakiya, da 'yar gada a kansa da matakala inda mai shebur zai sauka. Biyu daga cikin masu ginin suka yi ta gunaguni, sun ce an cinye musu wurin shaguna. Na ukun, wanda shi ma a fangali ya tashi, ya ce a bar shi haka, gonar kawunsa ma ruwan nan take sha.

Tun daga ranar Baba ya zama kamar ɗaya daga cikin ma'aikata. Kullum in ya taso daga gona sai ya biyo, ya tsaya da fartanya a kafaɗa yana kallon birkiloli. Ya taɓa sa aka rushe wani gefe na bangon kanal ɗin, ya ce an matse wa ruwa hanya. Injiniya ta auna, ta ce gaskiyarsa. Da aka cire albasa ya cika buhu ya sa aka ɗora mata a bayan mota. Ta gaya min daga baya cewa har ta rabar da albasar warinta bai bar motar ba, duk wanda ta rage wa hanya sai ya tambaya ko sana'a ta canja.

Ranar buɗewa garin ya cika. 'Yan adaidaita sahu suka yi layi har bakin kwaleji. Masu tumatir da shinkafa suka samu rumfuna a ƙasa, wata maƙwabciyarmu ta buɗe wurin dambu da zoɓo kusa da mai askirim. Ni ina ta kai-kawo da abin gwajin wuta a aljihu, ina addu'a kada wani soket ya ba ni kunya. Babu abin da ya faru. Da na sami sarari na leƙo daga bene, sai na hango ɗalibai sun cika gadar suna ɗaukar hoto, ruwa na wucewa a ƙarƙashinsu zuwa gonaki. Baba yana gefe cikin farar rigarsa ta Juma'a. Wani saurayi ya ɗaga hannu zai jefa ledar ruwa a cikin kanal ɗin.

"Kai, ɗan nan! Albasar da ke cikin miyarka wannan ruwan take sha."

Saurayin ya ce, "Sori, Baba, a yi haƙuri," ya cusa ledar a aljihu. Abokansa suka kwashe da dariya, suka roƙi Baba ya shiga hoton. Ya gyara hula ya shiga.

Sati na zagayowa Baba ya ce wa Inna ta shirya zai kai ta ta gani. Inna ta ce, "Malam, ni da tsufana me zan yi a wurin 'yan boko?" Amma ta ɗauko mayafinta na unguwa. Na bi su da matata da 'yarmu. Baba ya zaga da ita shago-shago yana bayani kamar shi ya gina. A ƙarshe suka zauna a benci, na sayo musu askirim. Inna ta ɗanɗana, ta runtse ido, ta dafe kumatu.

"Wannan ai ƙanƙara ce aka zuba wa madara!"

Ta miƙa wa jikarta. Can kuma ta ce a dawo mata da shi ta ƙara ji. Sai da ta shanye tas, sannan ta tambaye ni ko ana barin tsofaffi su shiga silimar. Na ce ana bari. Ta miƙe ta gyara mayafi, ta ce wa Baba ya taso kada a fara babu su.