Tsirkiyar Fatar Sa a Hanyar Malumfashi

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Funtuwa, mu huɗu da kayan kiɗanmu, a motar katako mai zuwa Malumfashi. Wani dillalin auduga ne ya gayyace mu bikin ɗansa da za a yi washegari. Maigidanmu, wanda kayan duka nasa ne, kuma shi ke kaɗa ƙaramar jita, ya shige gaba kusa da direba. Ni da mai ganguna da mawaƙinmu muka haye kan buhunan gishiri. Ni ke kaɗa babbar jita mai tsirkiya huɗu, wadda ake kira bes, wato wadda ba mai lura da ita sai ta yi shiru.

Hankalinmu ba a kwance yake ba. Mawaƙinmu dattijo ne, ya yi jinyar tari da damina, ya tashi muryarsa ta sauka. Waƙoƙin da yake hawa a da kamar wasa, yanzu in ya kai sama sai muryar ta tsage. Maigida ya faɗa masa a gabanmu cewa in ta tsage a Malumfashi, akwai wani saurayi a Zariya da ke jiran gurbin. Mutumin nan ba gona ba sana'a, da maƙogwaronsa yake ciyar da iyali. Dabara ɗaya ta rage, mu sauke kiɗan duka ya dawo inda muryar take. Ƙaramar jita ba ta ƙi ba, tawa ce ta yi gardama. In na sassauta tsirkiyar ƙarshe har ta kai zurfin da ake so, sai ta saki jiki kamar igiyar shanya, tana dukan wuyan jitar tana kwarmato. Sai dai a samo wadda ta fi ta kauri. Na zaga kantunan Funtuwa, babu. Na Kaduna kuma kullum amsarsu ɗaya, jirgi bai kawo ba tukuna.

Ruwa ya ɗauke bai jima ba, gonaki sun yi kyau ƙwarai. Dawa ta sunkuyar da kai, auduga ta fara buɗewa fari fat. Hanyar ce dai damina ta cinye, direban kuma da alama sun yi alkawari da kowane rami cewa sai sun gaisa. A Bakori muka tsaya. Ƙosan tashar ya ƙanƙance, na sisi ba ya riƙe cikin babba, amma dafaffiyar gyaɗa kamar kyauta.

A nan ni da dattijon muka sauka da jitar, sauran suka wuce da akwatin lasifika da batirinsa. Mai ganguna ne ya ba mu labarin wani tsohon Bamaguje a wajen Tsiga da ke kaɗa komo, babbar garayar nan mai gurnani, kuma shi ke murza tsirkiyarsa da kansa. Muka ɗauki hayar kekuna. Ni da jita a goye, mata a gona sai dariya suke yi, wata ta tambaye ni ko jaririn ya sha nono.

Mun tarar da tsohon yana gyaran rumbu. Ya sa aka kawo mana kunu, don ya san ba ma shan burkutun da ke cikin tulu a ƙarƙashin ɗorawar da muka zauna. Na fara yi masa bayanin irin kaurin da nake so, sai ya ɗaga mini hannu.

"Samari, wa zai yi waƙar?"

Na nuna dattijon.

"To shi zan ji. Mu nan ba a zaɓar tsirkiya sai mai waƙa ya buɗe baki."

Dattijon ya yi gyaran murya ya ja baiti a hankali. Tsohon ya shiga ɗaki ya fito da tsirkiyoyin fatar sa, wato bijimi, murzazzu, busassu. Yana ɗaure ɗaya a tsakanin ƙafarsa da haƙorinsa yana ƙyasta ta, yana saurare. Ya ajiye siraran, ya ajiye wata mai kaurin gaske da ya ce ba ta da baki, ya miƙo mini ta tsakiya. Sai dai ba ta shiga ramin da tsirkiya ke kwanciya a wuyan jitar ba. Na ari wuƙarsa na faɗaɗa ramin. Na bi a hankali, don jitar ba tawa ba ce, kuma abin da aka fafe ba ya komawa. Da na ɗaure ta na ja, ta tsaya cak a zurfin nan, sautinta na fita ƙasa-ƙasa, mai tsabta. A hanyar dawowa dattijon har tsere ya yi mini a keke.

Da yamma muka sami wata motar zuwa Malumfashi. Garin ya cika da masu shirin kakar auduga, tuwon dawa da miyar kuɓewar da aka kawo mana daga gidan biki kuwa ba a magana. Da safe na haɗa jitar da lasifika don gwaji. Tsirkiyoyi uku suka amsa. Ta fatar, shiru. Na ƙara murya, shiru. Sai a lokacin na tuna cewa abin da ke ɗaukar sautin jitar nan maganaɗisu ne, shi kuwa ba ruwansa da fata, ƙarfe kaɗai ya sani. A ƙarƙashin ɗorawa ba lasifika, shi ya sa ban gane ba. Na dubi dattijon, ya kau da kai yana gyara hula. Tausayinsa ya kama ni, haushin kaina kuma ya fi.

Na ɗauki jitar na shiga kasuwa wajen masu gyaran keke. Na sayi tsohuwar wayar birki, muka warware ta silli-silli, na zauna a kan benci ina naɗa sillin ƙarfen a jikin fatar, daidai inda ta ratsa kan maganaɗisun. Yatsuna sun sha yanka. Mai gyaran ya ce ya ga masu tabin hankali iri-iri, amma bai taɓa ganin mai sa wa molo birki ba. Da na koma na gwada, ta yi magana. Ba ta kai 'yan'uwanta ƙara ba, amma zurfin yana nan, har wani kwano da ke kan akwatin lasifikar yana rawa.

Bayan la'asar muka yi wasa a ƙofar gidan angon. Dattijon ya fara da tsoro, ina jinsa yana lalube. Da ya ji sautin tsirkiyar a ƙarƙashin muryarsa sai ya ɗora muryar a kansa. Ya kai wurin da muryar ta saba tsagewa, ya wuce lafiya lau. Mutane ba su san an yi wani abu ba, rawarsu kawai suke yi.

Washegari a hanyar komawa Funtuwa maigida bai shiga gaba ba, ya hau baya tare da mu. Mun wuce Bakori sai ya jawo jitar, ya shafa ramin da na fafe da babban yatsa.

"Ka san tsirkiyar kanti ba za ta ƙara zama a nan ba?"

"Na sani, maigida."

Ya dubi gonaki. Sannan ya ce, "Yaron Zariyan muryarsa sama take. Ba zai iya da wannan ba." Ya miƙo mini jitar.

Mun iso gida kafin azahar. Abin da na koyo a tafiyar nan bai da yawa: tsirkiyar da za ta yi zurfi dole ta yi kauri, dole maganaɗisu ya ji ta, kuma kafin komai a saurari wanda zai yi waƙar. Da za mu rabu a tasha, dattijon ya riƙe hannuna ya dubi yankan da ke yatsuna.

"In muryar ta ƙara sauka fa?"

Na ce, "Baba, ai na ga mai kaurin da tsohon ya ajiye."

Ya gyaɗa kai, ya saki hannun, ya nufi gida yana tari kaɗan-kaɗan.