Guɗar Bikin Ummi

Yaya Asabe, daren jiya na yi wani mafarki, har yanzu jikina a mace yake. Kin san muryar nan tawa da ta dishe tun bayan salla. Da na je asibiti likita ya zura min wani ƙarfe mai kyamara a baki, ya ce ban da ɗaga murya sai abin da hali ya yi. Ni da babu amaryar da za a kai ɗaki a unguwar nan ban rangaɗa mata guɗa ba, ga bikin 'yata Ummi ya matso. Wallahi na gaji.

To, a mafarkin sai na gan ni a ɗakin likitan, amma a tabarma muke zaune. Ya kama min harshe da ƙyalle, ya ce, "Hajiya, ce iii." Na ce. Fitilar ƙarfen tana ta ƙiftawa, a talabijin ɗinsa ga tantanin muryata guda biyu suna buɗewa suna rufewa a hankali kamar labule. A gefen ɗaya akwai wani ɗan ƙullutu, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Na ce, "Likita, wannan ɗan abin ne duk ya hana ni sakat?" Ko kallona bai yi ba.

Sai kawai na tsinci kaina a cikin maƙogwaron nawa, ina tafiya ba takalmi, bango ja, ƙasa a jiƙe. Na ɗaga labulen. Ashe tsakar gida ne, cike da amaren da na yi wa guɗa, har da masu goyo, duk sun zuba min ido.

Sai kawai ga Ummi a lulluɓe a bakin ƙofar ɗakinta, ta ɗaga ƙafar dama ta ƙi saukewa. Wata murya ta ce, "Ke take jira."

Na toshe hanci, na ɗaga kai, na buɗe baki. Iska kawai. Na sake, iska. Can sai wata mata a bayana ta rangaɗa, tas, har da jan ƙarshe irin nawa. Ummi ta sauke ƙafa ta shige, ba ta ko waiwayo ba.

Na farka yatsuna suna riƙe da hancina, matashi ya jiƙe.

Don Allah Yaya, me wannan yake nufi? In bi maganar likita in tsaya shiru wata ta yi wa 'yata guɗa, ko in yi, ko da ita ce ta ƙarshe?