Sawun Tayata Ya Riga Mu Isa

Muna idar da sallar asuba muka bar Kaura, ni da mahaifina, cikin tsohuwar jif ɗina da na yi wa sababbin takalma, wato tayoyi. Inda muka nufa wani ƙauye ne a bayan Katuru, ƙasar Shinkafi, wurin Gwaggo, ƙanwar Baba uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara shida rabonsu da juna, saboda halin da hanyoyinmu suka shiga, wanda ba sai na tsaya yi muku bayani ba. Watan jiya saƙo ya zo cewa idonta na dama ya rufe, na hagun ma saura ɗan haske. Ta ce a gaya wa Yaya ya zo ta gan shi tun tana iyawa. Ga shi damina ta sauka. Da zarar gulbin da ke tsakani ya cika, mota ba ta sake ƙetarewa sai kaka, kuma babu mai tabbacin hasken nan zai jira kaka.

Dalilin sauya tayoyin ke nan. Ku da kuke bibiyata kun san halina, ba na sayen ko da tocila sai na yi mako ina bincike a waya. Na isa wurin mai sayar da taya a Kaura da lambobi cike da kai, ina jin babu abin da zai gaya mini. Mutumin Zurmi ne, dattijo, ya bar ni na gama zuba tukuna.

"Malam, taya iri ukku ta," in ji shi. "Akwai ta kwalta, akwai ta taɓo, akwai ta tsakiya. Kai da kaka kwana shidda bisa kwalta, kwana guda cikin daji, ta tsakiya aka ɗauka."

Na yarda da wannan, amma na kafe sai an ƙara mini girma mataki biyu. Bai yi musu ba. Ya ɗaura guda a gaba, ya sa mutum uku suka shiga motar don ta yi nauyi, ya murɗa sitiyari har ƙarshe, sannan ya cusa hannu tsakanin tayar da jikin mota. Hannun ya ƙi shiga. Ya ce in hannunsa bai samu hanya ba, taɓo da tsakuwa ina za su bi? Haka na sauko mataki ɗaya ina ɓata rai. Don kada a ce ban ci komai ba, sai na zaɓi wadda ta fi manyan haƙora a cikin na tsakiyar, na kuma sayi biyar, domin ya ce wanda ya bar ƙaramar taya a bayan mota don ko-ta-kwana bai gama sayayya ba. Kuɗin kuwa kada ku tambaya, har yau uwargida ba ta san gaskiyarsa ba.

Ba mu yi nisa a kan kwalta ba tayoyin suka fara gurnani. Baba ya saurara, ya dube ni ya ce, "Kai, injin niƙa ka aza cikin motag ga?" Ban da gurnanin, mai ma ya ƙara tafiya, kuma agogon gudu ya koyi ƙarya, yana nuna ƙasa da abin da muke yi. Duk mai son babbar taya ya san da wannan tun a gida.

Amma da gari ya waye sosai, wajen Moriki, na manta da zancen mai. Na daɗe ban fita wannan yanki da damina ba. Gero ya kai gwiwa, kore shar tun daga bakin titi har inda ido ya gaji, ga gawo nan tsaye tsirara a tsakiyar gonaki, shi da ke zubar da ganye lokacin da kowa ke fitar da nasa. Abin da ya fi kama ni shi ne mutanen. Duk labarin da muke ji game da wannan hanya, ga su nan tun da sassafe a duƙe suna noman farko, har da mai rera waƙa. Na rage gudu ina kallonsu, na ji kunyar yawan ƙorafina.

A Shinkafi muka karya. Na ci waina da miyar taushe a bakin tasha, Baba ya ce shi fura ta ishe shi, sai dai ya sa na sayi goro da sabulu da turmin atamfa na Gwaggo. Mai furar da ta ji inda za mu ta ce mu tabbata la'asar ta same mu a kan kwalta. Ba ta ƙara komai ba, mu ma ba mu nemi ƙari ba.

Bayan Katuru muka sauka hanyar daji, a nan tayoyin suka fara biyan kuɗinsu. Ramukan da tsofaffin tayoyina za su sa cikin mota ya daki ƙasa, muka wuce su lafiya. Wani kwari mai santsi da na tabbata da can sai an tura mu, muka haye shi Baba bai ko ajiye carbinsa ba. Kaina ya fara girma, har na soma tsara yadda zan ba ku labari.

Sai ga gulbi. Ban san yadda zan kwatanta muku faɗinsa ba. Yashi ne fari tas shimfiɗe, mutumin da ke wancan ƙetaren ka gan shi ɗan mitsitsi, ruwa kuma siriri yana bin tsakiya yana walƙiya. A jikin gaɓa, sama da tsayina, ga ciyawar da ambaliyar bara ta rataye a rassan bishiya. Na tsaya ina duban wurin, na ce a raina nan da 'yan makonni duk inda nake tsaye ruwa ne.

Na shiga da ƙarfin gwiwa, ban yi taku talatin ba motar ta fara tona wa kanta rami. Manyan haƙoran da na yi ta taƙama da su, su ne suka fi ƙwazo wajen haƙa. Wani dattijon Bafulatani da ke shayar da shanu ya matso, ya daki tayar da sandarsa, ya ji ta yi tauri.

"Ta ƙoshi da yawa," in ji shi. "Rage mata iska."

Na ce, "Baffa, sabuwa ce fa."

Ya ce sabuwa ko tsohuwa, yashi ba ya son mai taurin ciki. Na samo tsinke na bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya ina rage musu iska, yana tsaye a kaina, sai ya ga gindin tayar ya baje kamar tafin raƙumi ya ce ya isa. Muka kwashe yashin gaba da hannu, na tayar a hankali. Motar ta taso ta bi saman yashi sumul har ƙetare. Mutumin da bai taɓa riƙe sitiyari ba, shi ya koya mini abin da mako guda na bincike bai koya mini ba.

A ƙetaren muka yi kuskure. Baba ya san mararrabar da wata tsamiya, ashe an sare ta. Muka bi hannun dama, muka yi tafiya mai tsawo kafin ya ce a'a, wannan dutsen bai san shi ba. Muka juyo, muka zagaya ta bayan wasu gonaki, muka kama hanyar hagu. Kusan awa guda ta tafi a banza, ina ta duban rana.

Da muka shiga ƙauyen, babu kowa. Ga turmi da taɓarya a ciki, ga tukunya a kan murhu tana tafasa, ga takalmin yaro wari ɗaya a tsakiyar hanya. Awaki kaɗai ke yawo. Na kashe mota, shirun ya yi mini nauyi, na ji tsoro ƙwarai. Baba ya buɗe ƙofar mota. Ya sauka, mutumin da sai na riƙe shi yake hawa matakalar masallaci, ya nufi wani gida da sauri har ina binsa da gudu-gudu.

Gwaggo tana zaune a kan tabarma a tsakar ɗakinta, ta yafa mayafi, ta fuskanci gabas. Da ta ji takunmu ba ta juyo ba, sai ta ɗaga murya kaɗan tana kalmar shahada. Baba ya yi sallama. Ta ci gaba da shahadarta. Ya sake yi, ya kira ta da sunan da ban taɓa jin kowa ya kira ta da shi ba.

"Yaya?" ta ce. "Kai na?"

Ta lallaɓa ta kama hannun rigarsa, ta ja shi zuwa bakin ƙofa inda rana ke faɗowa. Ta cire masa hula da kanta. Ta karkata kai gefe tana neman inda ɗan hasken ya rage, ta matso har goshinsu ya kusa haɗuwa, ta daɗe a haka. Can ta ce, "Ka tsuhwa." Ta ƙara wata magana ƙasa-ƙasa wadda ban ji ba, domin na riga na fita waje, idona ya cika.

A hankali mutane suka fara fitowa daga kwarin da ke bayan gari. Mai unguwa ya yi mini bayani ba tare da faɗa ba. Wani mai babur ne ya ga sawunmu a bakin gulbi, ya ga ya bi dama ya dawo ya zagaya, kamar na masu leƙen gari, sai ya yanko ta 'yar hanya ya sanar. Sun so ɗaukar Gwaggo, ta ce su tafi da yara, ita nauyi za ta yi musu.

"Mota mai irin sawun ga sau biyu ta taɓa shigowa nan," in ji shi, "kuma dut biyun ba mu ji daɗi ba."

Bai faɗi su waye ba, ni ma ban tambaya ba. Na ba da haƙuri har bakina ya bushe. Sai ya kira mazan garin, suka durƙusa a kan sawun tayata suna nazarinsa kamar masu duba allo. Suka auna faɗinsa da tafin hannu, suka ƙirga haƙoran, wani ya nuna cewa tayar baya ta hagu tana ɗan fita daga layi, abin da ni mai motar ban sani ba. Mai unguwa ya tashi ya karkaɗe gwiwa ya ce an gama, daga yau ko mace mai ɗebo ruwa ta ga wannan sawu ta san ɗan gidan Gwaggo ne. Ban taɓa ganin karatu irin wannan ba, kuma na san abin da ya tilasta musu koyonsa.

Mun ci tuwon dawa da miyar kuka, muka yi azahar tare da su, muka kamo hanya. A Shinkafi mai faci ya mayar wa tayoyin iskarsu, la'asar kuma ta same mu a kan kwalta kamar yadda aka gargaɗe mu.

Ga mai shirin sauya taya, abin da na koyo kaɗan ne. Kada ka wuce girman da motarka za ta iya juyawa da shi, ka koyi rage iska a yashi, sannan ka aika saƙo kafin ka shiga garin mutane da sawun da ba su sani ba. Na ukun ban same shi a waya ba, kuma wata tsohuwa ce ta biya mini kuɗin karatunsa da zaman da ta yi tana jiran mutuwa.

Mun iso Kaura rana na shirin faɗuwa. Na tsaya a ƙofar gida, na zagayo zan buɗe wa Baba, sai na tarar ya juyo da madubin mota yana kallon fuskarsa. Kakana ya rasu tun Baba yana saurayi, kuma ko hoto ɗaya bai bari ba.

"Ta ce na koma babanmu sak," in ji shi, bai ɗauke ido daga madubin ba. "Shiga, ina nan tahe."