Zaka, Ba Za Ka Ba

Ni mace ce mai gyara, kuma ban taɓa ba kowa haƙuri a kan haka ba. Tun lokacin da nake koyar da karatun manya a wani ƙauye cikin kwarin Buza idona ya lalace: ba na iya wuce rubutu ban karanta ba, ba na iya karantawa ban ga aibinsa ba. Tela ya rubuta "dinki" a ƙofar shagonsa, na tsaya na tambaye shi ko da almakashi ya yanke wa ɗ ƙugiyarta. Kamyon albasa, babbar motar kaya, ya wuce da "Hakouri magani dounia" a bayansa, na raka shi da harara har ya sha kwana. Allon bakin hanya yana cewa "Sabon Guida", ni kuwa tun da aka haife ni ban taɓa kwana a guida ba, a gida nake kwana. Idan aka yi rasuwa, sai samari su cika waya da "Allah ya jikan baba", su mai da addu'a zancen jikoki, kuma ba wanda ya ji kunya.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne manne kalmomi. Mutum ya rubuta "bata", kai mai karatu ka zauna kana duba: ba ta aka yi, ko ɓata aka yi? Sai uwa uba "zaka ci", "zaka sha", "zaka gani". Na gaji da faɗa wa matan ajina cewa "za" daban, "ka" daban, a bar fili tsakaninsu. Har ya zama abin tsokana: ina shigowa sai su matsa nesa da juna a kan tabarma, su ce Malama ga shi mun bar fili. Maigidana, manomin gero ne da ba ruwansa da alli, yakan ce wata rana bakin nan zai ja mini. Ni kuwa in ce masa sai dai ya ja.

Da aka buɗe ƙaramin gidan rediyo a garinmu, ni aka ba karatun sanarwa, wadda mutanenmu ke kira kominike. Tsakanin la'asar da magariba nake zama gaban mikro, in karanta wa kwari duka abin da ya samu mutane: wane ya rasu, za a yi suna gidan wane, jaki ya ɓace mai tabo a kunne, masu allurar yara na tafe. Ɗaki ne ƙarami, da katifu manne a bango, da fanka mai kuka. Ina son ɗakin nan. Na faɗa ne tun yanzu don a san abin da nake magana a kai. A can ne kawai na taɓa jin cewa surutuna yana da amfani. Tsofaffin da ban taɓa gani ba sukan gane muryata a kasuwa ina cinikin kuka, su riƙe hannuna su ƙi saki.

Yadda muke magana nake karantawa, Hausar Adar. Mu "sunka" muke cewa da "munka", mu ce "hwari" da "tahiya", mu ce "shina nan". Kada mai karatu ya ce ai ga ta nan tana rubuta "suka". Na sani. Rubutu yana da ƙa'idarsa, ni ce ma mai gadinta a garinmu ba da albashi ba. Amma takarda aka yi wa ƙa'idar nan. Ba wanda ya taɓa zama da uwata ya ce ta canza baki, kuma da bakinta nake shiga rediyo.

Ana nan sai aka kawo mana sabon direkta. Saurayi ne ɗan wajen Keita, ya yi karatu mai zurfi a ƙetaren iyaka, mai tsafta, mai ladabi, ba ya wuce ni bai rusuna ba. Ranar da ya fara aiki na gan shi ya tsaya gaban allon ƙofarmu, ya ciro bik, wato alƙalami, ya ƙara wa "kasa" ƙugiya ta zama "ƙasa". Wallahi sai da na ji kamar in yi guɗa. Na koma gida na ce wa maigidana Allah ya kawo mini ɗan'uwa. Watannin farko mun sha hira, ni da shi, muna yi wa masu rubutun bango dariya. Ya san abubuwan da ban sani ba, kuma na ƙaru da shi, ba zan ci amanarsa ba.

Daga nan jan bik ɗinsa ya juyo kaina. Ya kafa doka cewa duk sanarwa sai an rubuta ta, ya duba, ya sa hannu, kuma abin da ke takarda shi za a karanta, harafi da harafi. Ya ce mutanen foroje, wato ƙungiyar agajin da ke taimakon gidan, suna so a riƙa musayar shirye-shirye da wasu tashoshi, don haka dole Hausarmu ta zama wadda kowa ke ji. Na ce masa eriyarmu ko Madawa ba ta isa sai iska ta ga dama, to wane Bakano ne zai kwana bai gane ni ba? Ya yi dariya, amma bai janye ba. Takarduna suka riƙa dawowa da jan zane: "sunka" ta koma "suka", "ɗiya" ta koma "'ya'ya". Ni kuwa in karɓa da hannu biyu, in shiga ɗaki, in faɗi abina yadda na saba. Ya yi mini magana a hankali, ya sake yi. Da abin ya ishe shi, ya ce kwamitin gidan na bayansa, kuma akwai wata yarinya da ta gama lise, wato babbar sakandare, tana jiran gurbi. Na gane sarai abin da yake nufi.

Na kai ƙara wurin maigidana ina huci, sai ya bushe da dariya ya ce wanzami ba ya son jarfa. Na ce masa ba daidai ba ne. Ni kuskure nake gyarawa. Wanda ya rubuta "dinki" ɗinki yake nufi, hannunsa ne ya gaza. Wanda ya ce "sunka" kuwa ba abin da ya gaza masa, abin da ya yi niyya shi ya faɗa, haka kakansa ya faɗa. Ya ce to, in dai na rasa kujerar kada in zo in dame shi da kuka. Na yi kwanaki ina bin takarda don tsoro, ina jin harshena kamar na aro. Wata tsohuwar maƙwabciyata ta tambaye ni ko mura nake, don ta ji muryata ta canza.

Wata ranar kasuwa wata dattijuwa ta zo gidan rediyo. Daga wani ƙauye take can bayan duwatsu, wajen Tamaske, ta hawo motar 'yan kasuwa. Ta zauna a ƙasa ta ƙi kujera. Ɗanta take nema. Ba yaro ba ne, magidanci ne har da furfura, amma tun yana ƙarami hankalinsa bai cika ba, ita ke riƙe da shi. Yana yi mata kiwon tumaki, ɗaya ta ɓace, ya ji tsoron faɗa, ya ƙi dawowa gida. An gan shi a wata kasuwa, an sake ganinsa a wata. Ta ce ba ya kula kowa, amma duk inda mai shayi ya kunna rediyo sai ya tsuguna ya saurara. Na tambaye ta me take so a gaya masa. Ta dube ni ta ce:

"Ɗiyata, ki ce mai shi zaka gida. Ki ce ba ni yi mai hwaɗa. Tumkiya ta ɓace, ta ɓace, ba komi. Hura tai na nan na aje."

A wurinmu "zaka" kalma ce guda, ma'anarta zo. Ya zaka, sun zaka, ina zakkuwa. Ba ruwanta da "za ka" ɗin da na shekara ina raba wa mutane. Na rubuta maganar dattijuwar yadda ta fito, na kai wa direkta. Ya karanta, ya ciro bik. Da takardar ta dawo ga abin da ke ciki: ana sanar da wani bawan Allah cewa mahaifiyarsa tana nemansa, ya zo gida, ba za a yi masa faɗa ba. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki, Hausa ce tsaf. Har ya tsokane ni, ya ce ai ni ce na koya wa gari duka cewa "zaka" kuskure ne. Na ce masa ya san ba ita ba ce, kakarsa ma haka take kiransa cin tuwo. Na ce mutumin nan ba ya jin sanarwa, muryar uwarsa yake ji, kuma uwarsa ba ta taɓa ce masa "zo" ba tun da ta haife shi. Ya ce idan ya buɗe ƙofa yau don tsohuwa ɗaya, gobe ba shi da doka. Ya miƙo mini takardar.

Dattijuwar tana zaune a tsakar gidan, inda lasifika ke rataye a jikin bishiyar bedi. Na shiga ɗaki, na karanta rasuwa, na karanta suna, duk yadda aka rubuta. Da na zo kan tata, na kifa takardar a tebur. Raina a ɓace yake, amma ban yi shakka ba. Na faɗi sunan ƙauyen da kamannin mutumin don masu shayi su lura. Sannan na sassauta murya na ce:

"In kana saurare, innarka ta ce ka zaka gida. Ba ta yi ma hwaɗa. Tumkiya ta ɓace, ba komi. Hurarka na nan ta aje ma. Ka zaka."

Na maimaita, don na san irinsa ba ya kama magana a karo ɗaya. Da na fito dattijuwar ta riga ta miƙe, motar ƙauyensu na shirin tashi. Ta kama hannuna ta ce haka ne, haka ta faɗa. Ta sa mini albarka ta tafi.

Direkta ya kira ni biro, wato ofishinsa, bayan magariba. Bai ɗaga murya ba, da ma ba halinsa ba ne. Ya ce in zauna, na ce tsaye ma ya isa. Sai ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ya ce shekararsa ta farko a makarantar ƙetare, duk lokacin da ya buɗe baki sai aji ya kwashe da dariya, har suka laƙa masa sunka-munka a matsayin suna. Ya ce ya yi wata guda ba ya magana sai dole, yana koyon "suka" a ɓoye. Ba ya so yaran kwarin nan su sha abin da ya sha, yana so su ji Hausar littafi a rediyon garinsu tun suna ƙanana. Na ji tausayinsa ƙwarai, don na ga yaron da aka yi wa dariya yana zaune a kujerar. Amma tausayi bai sa na yarda ba. Na ce masa waɗanda suka yi dariyar su ne suka yi kuskure, su ya kamata a gyara, shi kuwa ya dawo gida yana gyara kakarsa. Na ce a koya wa yara Hausar littafi a lakwal, wato makaranta, ni ce zan fara riƙe musu alli, amma kada a ce musu bakin gidansu datti ne.

Ya ajiye bik ɗinsa a tebur. Can ya ce abu ɗaya yake nema, kuma ba zai kai maganar yau gaban kwamiti ba.

"Inna, ki yi mini alkawari daga gobe abin da ke takarda za ki karanta. Shi ke nan. Kujerarki na nan."

Bai taɓa kirana Inna ba sai ranar, kullum Madam ne. Na san da gaske yake so in zauna. Na dubi ƙofar ɗakin katifun nan. Alkawarin ba shi da wuyar faɗi, kuma da na yi shi da sai in cika, don ban iya alkawarin baka ba. Gobe wata uwar za ta zo da maganarta, in karɓa in wanke ta tas in miƙa wa ɗanta abin da bai sani ba.

"Direkta, Allah shi ba ka haƙuri," na ce. "Gobe ba ni zakkuwa."

Ya sunkuyar da kai, bai gyara mini ba.

Yarinyar da ta gaje ni tana da murya mai daɗi, ba ta tuntuɓe, kuma ba ni da abin da zan ce a kanta. Ko mutumin nan ya koma wurin uwarsa, ban sani ba. Ƙauyensu da nisa, kuma ba wanda ke dawowa rediyo ya ce an dace. Maigidana da ya ce kada in dame shi da kuka, shi ya zauna kusa da ni a makon farko ina yi. Har yau idan la'asar ta yi sanyi sai in ji ina gyara murya ni kaɗai a tsakar gida, ba kowa gabana sai kaji. Abin yana mini ciwo, kuma ban yi nadama ba.