Na Je Neman Gafarar Magajin Garinmu na Farko

Ana sallame sallar asuba muka bar Damagaram, mu uku a tsohuwar motar wani abokina, muka ɗauki hanyar Tanut. Shi ke tuƙi, ƙanen matata na baya yana gyangyaɗi. Na ce musu zan je in rubuta tarihin magadan garin da suka riƙe komin ɗinmu, wato ƙaramar hukumarmu, a Damargu. Gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba.

Lokacin kaka ne, dammunan gero jingine a bakin gonaki, amalanken shanu na ta kai da kawo. Kwaltar wani wuri sumul, wani wuri kuma sai direba ya zaɓi ramin da ya fi sonsa ya faɗa. A Bakin Birji muka tsaya muka sha shayi da burodi. Wata Bafulatana ta kawo cuku, ta ce uku dala ɗari. Abokina ya tsaya ciniki kamar raƙumi zai saya, ƙarshe ya biya yadda ta faɗa, ta ƙara masa da dariya.

Bari in faɗa muku abin da na ɓoye musu. Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko, ni ne mafi ƙuruciya cikin konseye, wato 'yan majalisar komin ɗinmu. Wanda muka zaɓa magajin gari tsohon malamin makaranta ne, kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci. Shi ya koyar da ni a firamare. Bai cika wa'adinsa ba muka tsige shi. Laifinsa, ya hana a nome burtalin da dabbobi ke bi zuwa tabki, alhali manyan gari sun sa ido a kan ƙasar. Aka yi min alkawarin kujerar mataimaki. Ranar ƙuri'a hannu ɗaya ya raba gardama, kuma nawa ne. Tun daga ranar ban sake haɗa ido da shi ba.

Mun shiga Tanut da hantsi, muka sha mai, muka bar kwalta muka yi yamma ta hanyar rairayi wajen Belbeji. Sau biyu motar na kafewa, muka fita muka tura, ƙanen matata na rantsuwa cewa da ya sani da jaki ya hau. Da muka kusa gari na ce a rage gudu. Inda burtalin yake a da, kara ne tsaye har bakin tabki. Wani Buzu ya tsaya da raƙumansa a gefen gona yana jiran mai ita ya gama kwashe gero. 

A ofishin magajin gari muka tarar da mai gadi, dattijo, tun zamaninmu yake wurin. Ya gane ni, ya buɗe mana zauren taro. Yanzu babu majalisa, kantoma aka naɗa, shi ma ya tafi Tanut taro. Kujerun na nan a jere da ƙura. A bango hotunan magadan gari uku, kowa da ɗamarar tuta a kafaɗa. Mai gadin ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ɗan kasuwa ne, shi ya gaji Mushe, ya gina rumfunan kasuwa, kuma a zamaninsa aka raba burtali. Wannan ya fi zama a Yamai, sai ranar salla ake ganinsa. Na ukun ya yi ƙoƙari, ya gyara famfo, amma rigimar manoma da makiyaya ta cinye masa lokaci.

Na ce, “Baba, ina hoton Mushe?”

Ya ce, “Ai ba a taɓa yi masa ba. Da aka zo yi ya ce a sayi alli da kuɗin.”

Na tambayi takardun zaman majalisa na farko. Ya buɗe wani kabad, gara ta mai da su gari. Abin da ya rage bai cika tafin hannu ba.

Gidan Mushe na wani ƙauye, tafiyar rabin awa. Matarsa ce ta fito da muka yi sallama. Ta dube ni tsaf, ta amsa gaisuwata a taƙaice, ta ce wa sauran su zauna a zaure. Ta kawo fura mai sanyi da nono, ta ajiye a gabansu, ni kuma ta ce, “Shiga, yana ƙarƙashin bishiyar bedi.”

Na same shi a tabarma, ya rame, idanunsa sun yi fari. Ban gama sallama ba ya ɗaga kai.

Ya ce, “Wannan muryar na san ta. Ɗan benci na biyu, mai cin alli.”

Na durƙusa na riƙe hannunsa. Duk jawabin da na shirya tun daga Damagaram ya gudu. Na ce, “Mushe, na zo ka yafe min.”

 Sannan ya ce, “Ranar nan na ƙirga hannuwa, ban damu ba sai da na zo kan naka. Na je gida ban iya cin tuwo ba. Amma na yafe tun ina gani da idona. Kai ne ka daɗe a hanya.”

Daga bakin madafi matarsa ta ce, “Shi ya yafe. Ni da na ga yadda ya koma, ina nan ina ƙoƙari.”

Ya yi murmushi ya ce, “Rabu da ita, ta fi ni riƙo. Sun ba ka kujerar kuwa?”

Na ce, “Wata shida, Mushe, suka ba wani.”

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ni ma na yi, amma hawaye ne a fuskata.

Da ya ji na zo da littafi, sai ya gyara zama. Ya ce shekaru yana jiran wanda zai zo ya tambaye shi. Ya ba ni labarin yadda suka fara aiki a aji ɗaya na aro, da tebur ɗin makaranta, hatimi a aljihunsa. Yadda ya yi kwana uku a kan raƙumi yana bin rugage da zangon Buzaye don a yi wa yara takardar haihuwa. Yadda ya zaunar da mai gari da arɗo a inuwa ɗaya suka shata iyakar burtali da duwatsu. Yana faɗa ina rubutawa.

Sai labarin ya fara tsinkewa. Ya kama sunan mutum ya saki, ya haɗa shekarar fari da shekarar ambaliya, ya tambaye ni ko mahaifina na lafiya, alhali shi ya yi masa sallar jana'iza. Ya dafe goshi ya ce, “Da ka zo bara waccan, da duk suna nan. Yanzu sai su zo bakin ƙofa su koma.”

Matarsa ta zo ta ce ya gaji. Ta raka ni har zaure, ta miƙo min ƙullin gyaɗa. Ta ce, “Duk wanda ya zo daga Damagaram sai ya tambaye shi labarinka. Ka gaida iyali.”

Bayan la'asar muka juyo.  Abokina ya tambaya ko na samu tarihin, na ce na samu shafi huɗu. A Tanut muka sayi kilishi, na riƙe nawa har gida ban buɗe ba.

Mun shigo Damagaram dare ya yi nisa. Na zauna na karanta shafukan nan huɗu, rabinsu sunaye ne da ba a ƙarasa ba. Abin da tafiyar ta koya min shi ne, kunya ta hana ni zuwa, kuma ina ɗauka ni kaɗai take cuta. Ashe garin duka ta cuta, domin farkon tarihinsa a ƙwaƙwalwar mutum ɗaya yake, na bar shi yana zubewa ina jiran ranar da zan iya kallon fuskarsa. Idan kuna da wani dattijo da kuke jin nauyin zuwa wurinsa, ku je tun yana iya ƙarasa zancensa. Ni na samu gafara, sauran kuwa na makara.