Hodi Mai Huda Gora

A Zauro, in ka ce Hodi, sai a tambaye ka, "Mai gora?" Don tun kafin a yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, shi ke shuka duma a gefen gonar shinkafarsa, ya fafe goruna, ya kai wa masunta Argungu. Gorar nan ba abin wasa ba ce. A kanta masunci ke kifa ƙirji in ruwa ya fi ƙarfin tsayi, a cikinta kuma yake zuba kifin da ya kama. In ta fashe a tsakiyar gulbi, to sai dai wani ikon Allah.

Shi ya sa Hodi ya zama mutum mai tsirfa. Kowace gora sai ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, ya kara kunne kamar mai sauraron gulma, sannan ya jiƙa ta kwana uku a tafkin fadama. Wadda ta ci jarrabawa ta tafi Argungu. Mai siririyar fata kuwa a jefa ta bayan ɗaki, kaji su yi ƙwai a ciki. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: shekara talatin, gorarsa ba ta taɓa nutsar da ɗan kowa ba.

Da aka yi sabuwar jiha, sai bikin kamun kifi ya ƙara armashi. Baƙi suka riƙa kwararowa daga Legas da Kaduna, har da Turawa masu jan wuya, kowa yana neman abin da zai kai gida ya nuna. Matarsa Laure ce ta hango abin da shi bai hango ba. Ta kwaso gorunan bayan ɗaki, ta ɗora wuƙa a wuta, ta zana musu kifi da kada da kwalekwale. Kai, jama'a! Abin da kaji ke kwana a ciki, shi baƙi suka riƙa wawaso. Cikin shekara uku Hodi ya yi rufin kwano, ya sayi injin ban ruwa, ya kai 'yarsu makaranta Birnin Kebbi. Maƙwabtan da ke masa dariya kowa ya tsiri shuka duma.

Amma fa ya kafa sharaɗi. Duk gorar da Laure ta zana, sai ya huda gindinta da ƙusa, huda uku, don kada wani ya yi gangancin shiga ruwa da ita. Laure ta yi mita, ta ce yana ɓata mata aiki. Ya ce ta yi ta mitarta, ita gorar ado bango ne wurinta.

Ranar babban kamun kifi na wata shekara, ya bar surukinsa Dikko a rumfarsu ta Argungu ya je shan koko. Ya dawo ya tarar da Dikko yana washe baki.

"Na saida babbar nan mai zanen kada," in ji Dikko. "Wani masunci ya ɗauka, Munzali sunanai. Ya ce so yake masu hoto su gane shi cikin taro. Har murna yai da ya ga babu huda."

Nan take Hodi ya tuna. Wannan gorar Laure ta gama ta ne ana loda mota, shi kuma garin gaggawa ya manta da ƙusa. Laifinsa ne, ba na kowa ba.

Ga baƙi cike da rumfa suna miƙo hannu, ranar da ake jira shekara guda, amma ko waiwaye bai yi ba. Ya tattare riga ya nufi Matan Fada, inda masunta dubbai suka yi sahu a bakin gulbi, kowa da gorarsa da homarsa, suna jiran a buga bindiga su auka ruwa. Tsoho mai furfura, yana kutsawa cikin ƙarti, yana leƙa gorunan mutane ɗaya bayan ɗaya! Wani ya ture shi, wani ya ce ko ya zautu ne. Takalminsa ɗaya ya maƙale a laka, ya bar shi nan. Yana tafe yana kiran sunan Munzali, ganguna na cinye muryarsa.

Can kusa da ƙarshen sahu ya hango zanen kadan Laure a kafaɗar wani jibgegen mutum.

"Kai ne Munzali? Don Allah ba ni gorar ga, ba ta ruwa ba ce. Fatarta ba ta ɗaukar ƙirjin namiji."

"Baba, kauce mini. Da kuɗina na saye ta."

"Ni na shuka ta, ni na san ta. In an gama ka zo in ba ka biyu masu kyau."

"In an gama? Mi za ni yi da su in an gama?"

Hodi ya ga an ɗaga bindiga. Ya fizge gorar, ya kifa ta a ƙasa, ya ɗora mata ƙafarsa marar takalmi. Ko nauyinsa bai gama sakewa ba ta ce ɓaras, ta dare gida huɗu.

Bindiga ta tashi. Sahu ya ruga ruwa da ihu, aka bar su su biyu a kan gaɓa. Munzali, wanda ya shekara yana mafarkin kama giwan ruwa, ya ci kwalar tsohon yana jijjiga shi, idanunsa sun kawo ruwa. Babu irin zagin da bai yi masa ba. Wallahi abin da ban tausayi, don shi ma yana da gaskiyarsa.

Hodi bai ɗaga hannu ba. Jini na zuba daga tafin ƙafarsa inda sakainar gorar ta yanke shi, amma fuskarsa a sake take, kamar wanda aka sauke wa kaya. Ya bari sai da mutumin ya gaji don kansa, sannan ya ce:

"Ƙara, ɗana, ban ƙi ba. Gara in ji zaginka da in ji kukan uwarka."