Tayoyin da na zaɓa masa

Maigidana, Allah ya jiƙansa, facin taya ya yi duk zamansa a Madina. Banshar ake ce wa irin shagon a nan, nasu yana unguwar Ƙurban, inda motocin masu ziyara ke juyawa. Da hannu yake sanin taya. Sai ya danna farcen babban yatsansa a jikin robar, in farcen ya shige ya girgiza kai. "Wannan ba ta garin nan ba ce," yakan ce. "Wuni ɗaya a hanyar Makka ya ishe ta." Na sha jin maganar nan har ta zauna mini. Taya mai tauri ita ce taya, tunda a ƙasar nan zafin kwalta ne ke fasa ta.

Ɗa ɗaya ya bar mini. Shi ne na fari, shi ne auta, ba na kiran sunansa, ko a takarda hannuna ba ya son rubuta shi. A nan aka haife shi. Ina yi masa Hausa yana mayar mini da Larabci, haka muka rayu ba wanda ya gaji. Aikinsa a filin jirgi yake, yana sauke kayan alhazai. Iƙamarsa, takardar zamansa ke nan, a kan aikin take, nawa zaman kuma a jingine da nasa. Aiki ne na ƙafa da gadon baya. In babu su, babu mu a garin.

Wata rana ya dawo mana gida a unguwar Bani Harisa da jar mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere, ta yi ƙasa kamar raƙumin da ya durƙusa. Tsohuwa ce, a hannun abokin aikinsa ya same ta. Na ce masa, "Ita wannan shiga ake yi ko sawa ake yi kamar takalmi?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. Na ce ya mayar, bai mayar ba. Ban ƙara magana ba, ni ba mai yawan faɗa ba ce.

Sanyin shekarar da wuri ya shigo. Iska na busowa ta wajen Uhudu, hadari na haɗuwa yana watsewa. Wata safiya ina shara a ƙofar gida na duba tayoyin motar, na ga sun yi sanƙo. Na ɗauko tsinken ashana na sa a tsagin robar yadda ubansa yake yi, ko kan ashanar bai ɓuya ba. Daga ranar kullum sai in ajiye masa tsinke ɗaya a gefen kofin shayinsa. A kwana na shida ya ɗaga tsinken ya dube ni.

"Halas, ya ummi. Yalla." Wato ya isa haka, mu tafi.

Na sa abaya, na naɗe gwiwoyina cikin motar nan, muka nufi Ƙurban.

Abokin aikin maigidana yana nan a shagon, wani dattijo Bahaushen Sudan. Da ya ga motar sai ya tafa hannu.

"Hajiya, ke ma har kin shiga tsere? Ashe zan ga wannan kafin in mutu."

"Malam, ɗanka ne ya ɗauko ni. Fitowar ce ban san yadda za a yi ba."

Ya sa aka kawo mini kujera da shayi, ya mirgino tayoyi iri biyu ya jingina a gabanmu. Ɗana ya dafa ta farkon. Zanenta kamar kan mashi, jere da jere. Ya nuna mini waya, yana bayani da Larabcinsa mai sauri, wai tsagin nan shi ke kore ruwa daga ƙarƙashin taya, robar kuma ba ta sandarewa a sanyi. Ita yake so. Ya riga ya karanta, ya tambayi masu irin motar.

Na miƙa hannu na danna farce. Ya shige kamar a tuwo. Na danna ɗayar, farcena ya lanƙwashe. Na sunkuya na karanta lambobin da ke gefenta, na faɗi shekarar da aka yi ta da ƙarfi don su ji. A ajin yaƙi da jahilci na koyi karatu tun muna gida, ban taɓa jin daɗinsa kamar ranar ba, ina karanta taya a shagon mijina.

"Wannan za a sa," na ce.

Dattijon ya sosa gemu. "Hajiya, marigayi manyan motoci yake wa taya, masu nauyi. Ita wannan bayanta ba nauyi, kuma duk ƙarfinta a bayan yake. Ga sanyi, ga hadari. Yaron bai yi ƙarya ba."

"Malam, ruwan Madina kwana nawa ne? Zafinta wata nawa?"

Na ɗora masa wata tambayar.

"Da ubansa na tsaye a wurin nan, wacce zai ɗauka?"

Dattijon ya dubi ƙasa. Ɗana ya dubi kusurwar da ubansa ke zama, inda har yanzu tsohon bahon gwada iska yake. Bai ji maganata a kan motar ba, bai ji ba a kan auren da nake ta yi masa zance. Ranar ya ji. Ya mayar da wayar aljihu.

"Tayyib, ya ummi."

Na koma gida zuciyata fes, ina ganin na tsare ɗana.

Ba a yi mako biyu ba ruwa ya sauko. Wanda bai zauna a garin nan ba ba zai san yadda ake murnarsa ba. Mutane na fitowa ƙofar gida suna tara hannu, ana addu'a, ana ɗaukar hoto. Ni ma na fito na tara fuskata. Ban san cewa ruwan farko shi ke taso da mai da ƙurar da suka kwanta a kwalta tun bara ba, hanya ta koma kamar an zuba miyar kuɓewa. Ban san roba mai tauri dutse take zama a sanyi ba. Shi ya sani, ya kuma gaya mini.

Bayan azahar ya fita aiki. A wata kwana a hanyar filin jirgi bayan motar ya juyo ya zama gaba. Waɗanda suka gani sun ce ba gudu yake ba. Ƙarfen gefen hanya ya shigo ta ƙofarsa.

Ya rayu, na gode wa Allah. Ƙafar hagu ta karye biyu, aka sa ƙarfe. Yana tafiya yanzu, a hankali, amma ko buhun shinkafa ba ya iya ɗagawa. Wurin aikin sun jira shi iya jiransu, daga baya suka ce ba za su sabunta iƙamar ba. Ya nemi wani, ya je nan ya je can, kowa sai ya dubi ƙafar. Takardar fita ta ƙarshe tana cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwa. Za mu koma garin da na baro ina budurwar amarya, waɗanda na sani a can yawancinsu ƙasa ta rufe su. Shi ko a mafarki bai taɓa ganinsa ba.

Bai taɓa ce mini ke kika zaɓa ba. Da ya faɗa, da wataƙila na samu abin da zan amsa. Abin da ya sauya kawai, ya fara yi mini Hausa. Yana zaune da ƙafarsa a miƙe sai ya ce, "Umma, in za a tambayi mutum aiki a can, yaya ake farawa?" In gaya masa, ya maimaita, harshensa na tuntuɓe. Shekara da shekaru ina roƙon Allah ya sa in ji Hausa a bakinsa.

Motar na ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol, ba a samu mai ɗauka ba tukuna. Dattijon nan ya zo dubiya, da zai fita ya ɗaga tamfol ɗin ya leƙa, ya sake shi ya tafi. Ni ma jiya da nake shara na ɗaga. Gefen motar ya lotse kamar gwangwanin madara, tayoyin huɗu kuwa ko ƙwarzane babu. Na danna farce a ta baya. Har yanzu ba ya shiga.